Na'urar Awon Jini a Gida: Shaida Ce, Ki San Wadda Za Ki Kawo



A 'yan shekarun nan na'urar awon jini ta shiga gidajenmu sosai. Wata maigida take saya wa, wata surukarta, wata kuma likita ne ya ce ta riƙa dubawa saboda juna biyu. Wannan abin farin ciki ne, domin rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin manya 3 na da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Sai dai akwai tambayar da ba mu cika yi ba: matar da ta ɗaura wa mutum na'ura, ta dubi lamba, ta ce masa "jininka lafiya lau," me ta ɗauka wa kanta?

Ni a ganina shaida ta bayar. Hawan jini ba ya sallama. Mutum na cin tuwonsa yana zuwa kasuwa, alhali ciwon na cin zuciyarsa da ƙodarsa, har ranar da ɓarin jiki zai shanye. Ciwon kai ba ma'auni ba ne, da yawa ba sa jin komai. Ke nan lambar nan ita ce bakin da jiki yake magana da shi. To mun sani a fiƙihu ba kowa ake karɓar shaidarsa ba, sai an bincika adalcinsa. Haka a kasuwa, ba ma yarda da mudun da aka buga wa gindi. Ya za a yi mu tsananta a kan mudun gero, mu yi sakaci da mudun rai?

Wata za ta ce, "Haba Malama, kuɗi fa sun yi wuya, da babu ai gara ba daɗi." Maganarta abin dubawa ce, ba kowa ke da halin mai tsada ba. Amma a nan karin maganar da ta dace ita ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda ba shi da na'ura ya san bai sani ba, zai iya zuwa asibiti a gwada shi. Wanda na'urarsa ke rage lamba kuwa yana zaune da kwanciyar hankalin ƙarya, ƙila ma ya ajiye maganinsa. Wadda ke ƙara lamba kuma ta jefa gida cikin fargabar banza. Kuma ba tsada ce ke sa na'ura gaskiya ba, gwaji ne.

To yaya ake binciken wannan shaida?

Na farko, ki zaɓi wadda ake naɗawa a damtse. Likitocin zuciya sun fi amincewa da ita a kan ta wuyan hannu, ta yatsa kuwa a bar ta.

Na biyu, girman maɗaurin. Ki sa tef ɗin tela ki auna tsakiyar damtsen wanda zai yi amfani da ita. Matsakaicin maɗauri yakan ɗauki santimita 22 zuwa 32, mai ƙiba na bukatar babba. Ƙaramin maɗauri a babban hannu yana ƙara lamba, babba a siririn hannu yana ragewa. Idan hannunki da na maigida sun bambanta sosai, kowa da nasa.

Na uku, ki saya a kantin magani amintacce, ki tambayi likita ko mai harhaɗa magani ko an tabbatar da ingancin samfurin. Akwai jerin na'urorin da masana suka gwada, kamar na STRIDE BP a intanet. Mai juna biyu ta nemi wadda aka gwada a kan masu ciki.

Na huɗu, ki tafi da ita asibiti a gwada ta tare da tasu, ki riƙa maimaita haka duk shekara.

Shaida mai adalci ma idan aka yi mata tambaya a gurguje sai ta rikice. Mai awo ya yi fitsari tukuna, ya guji shayi, kofi da goro na minti 30, ya zauna shiru minti 5, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai zuciya. Ban da hira. A auna sau 2, minti 1 tsakani, safe da yamma, a rubuta a littafi. A gida, lambar da ke yawan kai 135/85 ko fiye tana bukatar ganin likita. Idan ta kai 180/120, musamman da ciwon ƙirji, nauyin harshe ko dishi-dishin gani, asibiti ne nan take. Mai ciki kuwa da ta ga 140/90 kada ta jira ranar awo, saboda hatsarin jijjiga.

Sannan 'yar uwa, mallakar na'ura bai mai da ke likita ba. Aikinki ki faɗi abin da kika gani. Kada ki ce wa kowa ya bar magani don lamba ta sauka, ai maganin ne ya saukar da ita. Kada ki ɓoye wa maigida lambarsa wai don kada hankalinsa ya tashi, tausayin da ke hana magani cuta ne. Idan maƙwabciya ta zo kika auna ta, sirrinta ne, ba labarin gidan suna ba.

Masu cewa yawan awo rashin tawakkali ne, mu tuna musu cewa jiki amana ne da za a tambaye mu a kansa. Rai na hannun Allah, babu na'urar da ke ƙara kwana. Amma riƙo da sababi umarni ne, kuma wanda zai riƙe sababi ya riƙi na gaskiya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu zamo masu riƙon amana a gidajenmu, amin.