Rabo Daidai, Shi Ne Adalci?

Ƴan'uwa masu karatu, ga tambaya. In mai gida ya ba yara biyu abu iri ɗaya, ya yi adalci ke nan? Yawancinmu za mu ce i. To, ku dakata tukuna. Ku ji abin da ya faru a wata ƙasa mai nisa.

Ƙasar ita ce Amurka. Da Ingilishi ake karatu a makarantunta. Kowace shekara baƙi suna shiga cikinta da iyalinsu. Waɗansu neman abinci ne ya kai su, kamar masu cin rani. Waɗansu kuwa yaƙi ne ya kore su daga gida: mutanen Biyetnam bayan 1975, mutanen Somaliya bayan 1991, mutanen Afganistan a 2021. A shekara ta 2021, yaran da ba su gama jin Ingilishi ba a makarantun gwamnatin ƙasar sun fi miliyan 5. Wato kusan yaro ɗaya cikin goma.

Yaron da ya iso yana da shekara biyar, nasa da sauƙi. Wajen wasa yake tsintar harshe. Mai wuya shi ne wanda ya iso tsakanin shekara 11 da 14. Shi ake sawa makarantar tsakiya, aji na 6 zuwa na 8, kamar kwalejinmu. A can an wuce koyon baƙaƙe. Ana karatun tarihi, da lissafi mai zurfi, da ilimin halittu. Kowane darasi da malaminsa.

Ku sa a ranku wata yarinya mai shekara 12. An haife ta a sansanin ƴan gudun hijira na Dadab, cikin Kenya. An kai iyayenta birnin Miniyafolis, inda Somaliyawa suke da yawa. An ba ta kujera kamar kowa. An ba ta littafi kamar kowa. Malami yana magana tun safe, ita tana kallon bakinsa. In yara sun yi dariya, ba ta san ko da ita suke ba. Yarinyar nan ba dolo ba ce. A gida tana iya ciniki, tana iya reno, ta haddace surori. Amma a aji ta zama kamar kurma. Shekarun nan kuwa su ne na jin kunya, lokacin da yaro ya fi tsoron dariyar tsaransa da bulalar malami. Sai ta yi shiru. Wani malamin ya ɗauka ladabi ne, wani ya ɗauka rashin ƙwaƙwalwa ne.

An cuce ta, ko ba a cuce ta ba?

Wannan magana ta taɓa zuwa gaban alƙalai. A birnin San Faransisko akwai ƴaƴan Sinawa wajen 1,800 da ba su jin Ingilishi, kuma ba mai koya musu. A 1970 iyayensu suka kai ƙara. Hukumar makarantu ta ce ba ta ware kowa ba: ɗaki ɗaya, malami ɗaya, littafi ɗaya. Ƙananan kotuna suka ba ta gaskiya. Suka ce ba makaranta ce ta hana yaran jin Ingilishi ba, haka suka zo daga gida. Amma a 1974 Kotun Ƙoli ta juya hukuncin, cikin shari'ar da ake kira ta Lau. Ta ce ba yara kujera ɗaya da littafi ɗaya bai isa ba, in ɗayansu bai gane abin da ake faɗi ba.

Ni dai ina tare da alƙalan nan. Ku dubi rumbu. Mai gida ya ce kowa ya ɗebi hatsi. Babba ya hau, ya ɗiba. Ƙarami yana tsaye a ƙasa, bakin rumbu ya fi shi nisa. Mai gida bai hana shi ba, gaskiya ne. Amma da yunwa zai kwana. Abin da yake bukata tsani ne, kuma tsanin nan ba son kai ba ne.

Sai dai kada mu yi saurin rufe bakin masu cewa a'a. Wani uba ɗan gari zai ce: "Ni nake biyan haraji. Ɗana ma bai iya karatu sosai ba. Don me za a ɗauki malami na musamman saboda ɗan baƙo?" Maganarsa tana da nauyi, domin kuɗin makaranta ba kogi ba ne. Jahar Teksas ma ta taɓa yin doka don ta daina kashe kuɗi a kan yaran da suka shiga ƙasar ba takardu. A 1982 Kotun Ƙoli ta soke dokar. Dalilinta mai sauƙi ne: ba yaro ne ya zaɓi ƙetare iyaka ba. Ni kuma zan ƙara wannan. Ana cewa baƙo raɓa ne, da hantsi ya tafi. Yaran nan ba raɓa ba ne. Mafi yawansu nan za su girma, nan za su yi aure. In an bar su cikin duhu yau, da ɗan mai biyan harajin za su zauna gobe.

To, wane irin tsani? Kotu ba ta faɗa ba, kuma nan ne gardama ta yi zafi. In an ware yarinyar a ɗakin baƙi tana koyon Ingilishi kaɗai, tsaranta sun wuce ta a lissafi, kuma ba ta da ƙawar da za ta ji harshen a bakinta. In an jefa ta cikin babban aji, ta nutse. A 1998 mutanen Kalifoniya suka jefa ƙuri'a, suka ce a yi wa baƙi karatu da Ingilishi zalla, wajen shekara ɗaya, sa'an nan a haɗa su da kowa. A 2016 suka sake ƙuri'a, suka janye wannan doka.

Shekara ɗaya ta yi kaɗan. Wani masani mai suna Jim Cummins ya duba yaran baƙi a birnin Toronto na Kanada. Ya ga harshen hira yakan samu cikin shekara biyu. Harshen littafi kuwa yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Wannan mun san shi a nan gida. Mutum yakan iya Zabarmancin kasuwa cikin rani biyu, amma a kai shi gaban alƙali ya kare kansa da shi, sai harshe ya sarƙe. Haɗarin ke nan. Malami ya ji yarinya tana zuba Ingilishi a filin wasa, ya ce ta gama, ya janye tsani. Ranar jarrabawa ta faɗi, a ce lalaci ne.

Akwai kuma wata cuta da ba ta zuwa gaban kotu. Wani malamin, da kyakkyawar niyya, yakan ce wa iyaye su daina yi wa yaro harshen gida don ya yi saurin jin Ingilishi. Tsofaffin ƴan lakwal na ƙasarmu sun san irin wannan. Sun tuna da sambol, abin da ake ba yaro ya riƙe in ya yi Hausa a makaranta, a hore shi. Amma wanda ya san rabawa da ninkawa da harshen uwarsa ba ya sake koyonsu, sunansu kawai yake sakewa. Ku da kuka koyi baƙaƙe da Hausa shaidu ne. Malamin kirki yakan bar yarinyar ta tambayi ƴar'uwarta da Somaliyanci, ta gane, sa'an nan ta faɗa da Ingilishi. Yakan kawo hoto da taswira. Yakan koyi faɗin sunanta daidai.

Kuma yakan tuna da abin da ke jiranta a gida. Cikin shekara biyu ita ce za ta zama bakin gidansu. Ita za ta karanta takardar mai haya. Ita za ta raka uwarta likita, ta ji abin da ɗiya ba ta kamata ta ji ba, ta juya shi da Somaliyanci. Ranar da makaranta ta kira uban don a yi maganar karatunta, in ba a nemo tafinta ba, ita ɗin ce za ta tsaya tsakaninsa da malami, uba yana kallon bakin ɗiyarsa yana jiran ta gaya masa abin da aka ce a kanta.