Takabar Mai Rai

A Mazanya, can ƙasar Jibiya a bakin iyakar Nijar, an yi wani tsoho da ake kira Baba Sufeto. Shekara 35 ya yi yana aikin kwastan. Ya tuɓe kaki kafin gwamnatin Obasanjo ta kawo dokar fansho ta 2004, wadda ta ce ma'aikaci da gwamnati kowa ya riƙa zuba kasonsa a asusu mai sunan ma'aikacin. Don haka shi ɗan tsohon tsari ne, cikin waɗanda baitulmali ke biya kai tsaye, kuma tun 2013 hukumar PTAD ce ke riƙe da sunayensu a Abuja.

Yana da maƙwabci, tsohon gandiroba, wanda kullum bayan la'asar suke zama a tabarma ɗaya, rediyo a tsakaninsu. Tare suka ji an kama Abdulrasheed Maina a Yamai a ƙarshen 2020, mutumin da aka naɗa don ya gyara harkar fansho. Tare kuma suka ji a Nuwamban 2021 kotu a Abuja ta ɗaure shi shekara 8 saboda karkatar da kuɗi sama da naira biliyan 2. Shi Gandiroba bai ce komai ba ranar. Lokacin da aka tantance 'yan fansho yana kwance a Maraɗi wurin 'yarsa, sunansa ya fita daga jerin masu karɓa, tun daga nan ko kwabo bai sake gani ba. Duk ƙarshen wata, in kuɗin Baba Sufeto ya shigo, sai ya aika masa da tiya biyu ta gero bayan isha'i, don kada kowa ya gani.

Da hunturun shekarar ya kankama, Allah ya karɓi ran Baba Sufeto. Ya bar matarsa Inna, da 'ya'ya mata a gidajen aurensu, da Auta, ɗan kabu-kabu. Tun da aka rufe iyaka a Agustan 2019 hanyar Jibiya zuwa Ɗan Isa ta yi sanyi, wata rana Auta ya wuni a tasha bai samu kuɗin mai ba.

Ana nan, ana nan, bayan sadakar arba'in sai wayar marigayin ta yi ƙara a aljihun Auta. Ya duba, ya ga fansho ya shigo cif, kamar ba a yi rasuwa ba. Katin banki na hannunsa, lambar sirri kuwa ya daɗe da saninta, don shi ake aika.

Kashegari sai ga wani mutum da ake kira Mai Jaka, wanda sana'arsa cika wa tsofaffi takardu. Ya yi ta'aziyya mai tsawo, ya ja Auta gefe, ya tambaye shi ko an sanar da ofis. Auta ya ce ba a sanar ba tukuna. Mai Jaka ya yi hamdala. Ya ce, "Ƙanena, Abuja nesa take. Wa zai je ya gaya musu? Manya sun kwashi biliyoyi, kai kuwa gumin ubanka ne. Ka yi shiru kurum. In tantancewa ta zo, na san yadda ake yi. Kashi ɗaya cikin uku nawa, saura naka."

Auta bai ce e ba, bai ce a'a ba. Amma ƙafarsa ta kai shi kasuwar Jibiya, ya ciri kuɗin wurin mai POS, ya sayo shinkafa da mai da sabulu, ya dire a ƙofar ɗakin Inna.

Inna tana zaune a kan buzu da carbi, cikin takaba. Ta dubi kayan, ta tambaya ko iyaka aka buɗe. Ya ce a'a, fanshon Baba ne ya shigo. Ta ce na watannin da yake bin su ne? Ya sunkuyar da kai, ya ce na wannan watan ne. Ya ƙara da cewa a takardar gwamnati har yanzu Baba yana raye.

Tsohuwar ta ja carbinta har ya zagayo. Sannan ta ce, "Madalla. To je ka ce wa Malam ya shigo, ruwan alwalarsa na nan. In kuwa ba zai shigo ba, ka gaya mini takabar wa nake yi. Kuma ka biya wurin Liman ka ce ya fasa zuwa rabon gado, don ban taɓa jin an raba gadon mai rai ba."

Daren nan ba a ɗora tukunya da shinkafar ba. Auta ya kwanta a zaure, barci ya ƙi. Ya lissafa bashin mai shago, ya lissafa tayar babur da ta cinye, ya lissafa watanni goma sha biyu sau kuɗin da ya gani, lissafin ya yi masa daɗi. Ya ce a ransa shi ba ɓarawo ba ne, bai fasa ofis ba, bai ƙirƙiri sunan bogi ba, shiru kawai zai yi. Can ya tuna gero, ya ce ai ko don Baba Gandiroba ya kamata kuɗin ya ci gaba da zuwa. Da wannan hujja ya tashi ya auni tiya biyu ta shinkafar, ya nufi gidan maƙwabci.

Gandiroba ya karɓi ƙwaryar, ya auna nauyinta a hannu, ya tambayi asalinta. Auta ya faɗa masa gaskiya. Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, dubi ikon Allah. Ni ina numfashi, takarda ta binne ni. Abokina yana kabari, takarda ta tashe shi. Ka san dalilin da ya sa ake jan tsofaffi a layi, a rana, ana duba yatsunmu? Saboda matattun da ke karɓar kuɗi ne. Da babu su, wa zai ce in tabbatar ina da rai?" Ya miƙa masa ƙwaryar, ya ce ya ci na abokinsa da daɗin rai, amma wannan ba nasa ba ne.

Da gari ya waye Auta ya mayar wa mai shago kayansa, abin da ya gaza ya cike da kuɗin tsohuwar wayarsa da ya sayar. Ya shiga mota zuwa Katsina, ya karɓo takardar shaidar rasuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ya sa aka rubuta wasiƙar sanarwa zuwa Abuja, ya nemi a faɗa masa inda zai mayar da kuɗin wata guda. Bai tafi shi kaɗai ba. Gandiroba na gefensa da tsofaffin takardunsa a leda, shi ma aka rubuta masa tasa, ta neman a sake tantance shi.

Mai Jaka da ya ji labari ya ce yaron nan ba shi da rabo. Inna ta fita takaba, Liman ya raba gado, kowa ya ɗauki nasa. A Afrilun 2022 aka buɗe iyakar Jibiya, Auta ya koma kan babur. Maganar Gandiroba ta ɗauki lokaci, amma daga ƙarshe sunansa ya dawo.

A 2023 PTAD ta faɗaɗa tsarin da ɗan fansho zai tabbatar yana raye ta waya ko kwamfuta, ya nuna fuskarsa ko ya dangwala yatsa. Auta ne ke riƙe wa Gandiroba wayar. Mai Jaka kuwa, da matattunsa suka kasa ɗaga ido su dubi kyamara, sai ya daina bin ta Mazanya.

To jama'a, kun ji yadda aka yi. Ɓarawon biliyan akwai kotu da za ta neme shi. Amma in wayar mamaci ta yi ƙara a aljihunka, babu ɗan sanda a wurin, babu alƙali, kai ne za ka ce ya rasu ko bai rasu ba.