Kurtun da aka sallama ba a tambaye shi ba

Ranar 15 ga watan Janairu na 1970, a barikin Dodan da ke Ikko, Philip Effiong ya miƙa wuya a madadin Biyafara, aka kawo ƙarshen wata talatin na yaƙin basasar Nijeriya. Janar Yakubu Gowon ya yi shela cewa babu wanda ya ci nasara, babu kuma wanda aka ci da yaƙi. Magana ce mai daraja, ta hana ramuwar gayyar da duniya ta yi ta fargaba. Sai dai akwai tambayar da ta bari a buɗe: mene ne haƙƙin ƙaramin soja a kan ƙasar da ta ba shi bindiga ta ce ya harbi ɗan ƙasarsu?

Kafin yaƙin, rundunar Nijeriya ba ta wuce mutum wajen 10,000 ba. Da aka gama ta kai wajen 250,000. Ke nan mafi yawan mayaƙan ba sojan gado ba ne: manoma ne da ƴan dako da ƴan makaranta, aka yi musu horo na gaggawa aka tura su daga. Wasu kogin Kwara ya cinye su a ƙarshen 1967, lokacin da runduna ta biyu, ta Murtala Muhammad, ta yi ta ƙoƙarin ƙetarawa daga Asaba zuwa Anaca. Wasu sun ƙone a kwanton ɓaunar Abagana a watan Maris na 1968.

To, a dubi rabon da kowa ya samu. Murtala da Obasanjo da Buhari da Babangida da Abaca duk sun yi wannan yaƙi, duk kuma sun mulki ƙasar. Ojukwu kansa, bayan gudun hijira na sama da shekara goma a Kodibuwa, Shehu Shagari ya yi masa afuwa a 1982. Ya rasu a 2011, aka yi masa jana'izar girmamawa ta soja. Su kuwa guragun yaƙi na ɓangaren Biyafara, an tara su a Oji River, suka shekara da shekaru a kan kekuna a bakin hanyar Inugu zuwa Anaca suna miƙa hannu ga masu mota. Sai a 2000 Obasanjo ya mayar da korar da aka yi wa sojan da suka bi Biyafara ta zama ritaya. Shekara talatin! Nawa ne suka kai wannan rana da ransu?

Amma talauci ba shi ne mafi nauyin kayan ba. Wanda ya yi yaƙi da baƙo yana da inda zai kai labarinsa. Tsofaffin sojanmu da suka yi wa Faransa yaƙi, ko da yake an tauye musu kuɗin ritaya, sun rataya lambobinsu a ƙirji ranar buki, jikoki sun kewaye su suna saurare. Sojan basasa fa? Bajintarsa ita ce marayun maƙwabcinsa. In ya yi alfahari ya fama gyambon wani, in ya yi nadama a ce ya ci amanar abokansa da suka faɗi. Sai ya yi gum. Jiki magayi, in ji Hausawa: abin da baki ya ƙi faɗa, firgitar dare da saurin fushi da kwalba su ke faɗarsa.

Nan ne nake ganin shelar Gowon ta gaza, duk da alherinta. Yafiya a al'adarmu da addininmu tana da sharaɗi: a ambaci laifin, mai laifi ya amsa, wanda aka zalunta shi ke yafewa. Hukuma ba ta da ikon yafe jinin da ba nata ba. A watan Oktoba na 1967 sojan tarayya sun harbe ɗaruruwan maza da samari fararen hula a Asaba. Waɗanda suka ja kunamar bindiga a ranar sun koma garuruwansu, babu wanda ya tuhume su, babu kuma wanda ya ba su damar sauke abin da suka ɗauko. An hana mamatan adalci, an hana makasan tuba. Kwamitin Oputa ya saurari shaidu a kan Asaba a 2001, gwamnati ba ta wallafa rahotonsa ba.

Wani zai ce tonon silili ba ya haifar da ɗa mai ido, shirun ne ya riƙe Nijeriya ba ta sake fashewa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma mu da muka ga an ƙona makamai a Agadas a 2000, sannan tawaye ya sake tashi a 2007, mun san zaman lafiya abu ne mai wuyar riƙo. Amma wa ya biya kuɗin wannan shiru? Janarori ba su yi shiru ba. Obasanjo ya fitar da littafinsa a kan yaƙin tun 1980, hafsoshin ɓangarorin biyu suka biyo baya, kowa yana wanke kansa. Kurtu kawai aka ce ya haɗiye. Yaron da ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1967, yau ya doshi tamanin, kuma kaɗan ne suka rage da za a iya zama a tambaya.