Wanda Ya Bi Ka, Ya Yarda Da Kai Ne?

A shekarar 1993 kamfanin Bullfrog na Ingila ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Syndicate. Labarinsa na wani zamani ne mai zuwa, inda manyan kamfanoni suka ƙwace mulki daga hannun gwamnatoci. Mai wasa yana juya ma'aikata huɗu da aka dasa wa na'urori a jiki, yana cin ƙasashe yana ɗora musu haraji. Amma makamin da ya fi yin suna a wasan ba ya zubar da jini. Sunansa Persuadertron. Da ka matso da shi kusa da mai wucewa, sai ya manta inda za shi, ya bi ka zungui-zungui, ya tsinci bindiga ya taya ka yaƙi, harsashin da aka nufe ka da shi ya sauka a jikinsa.

A tsakiyar shekarun 1990 aka mai da wasan kan akwatunan da ake jonawa da talabijin, irin su Mega Drive da Super Nintendo. Dole aka sake gini, domin babu linzamin kwamfuta sai maɓallan hannu, ƙwaƙwalwar na'urar kuma ƙarama ce. Mutanen wasan suka koma kamar na katun, ban tsoron ya ragu. Persuadertron kuwa yana nan yadda yake. An gyara fuskar aikin, aikin bai canza ba.

A nan tambayata take: in mutum ya bi ka da ƙafarsa, babu duka babu zagi, ya yarda ke nan?

Mu masu rubuta manhaja mun san amsar da ta fi mana daɗi. Muna sa maɓallin "Na amince", mu girmama shi, mu ba shi launi mai kyau, mu tura sharuɗɗa can ƙasa cikin Turancin lauyoyi. Haka manhajojin ba da bashi suka riƙa kwashe lambobin wayar mutane, in an makara biya su aika wa surukai da abokan aiki saƙon tozarci. Sai da hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta Najeriya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna a 2023.

Wani zai ce ai ba a ɗora wa kowa bindiga ba, da yatsansa ya danna. Maganar tana da ƙarfi, domin in muka ce duk wanda aka rinjaya ba shi da alhaki, mun mai da baligai yara. Sai dai mutanen Birchi da sauran ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma sun san labarin manoman jihar Katsina da suka biya 'yan bindiga kuɗi kafin su shiga gonakinsu. Da hannunsu suka miƙa, amma ba wanda zai kira wannan kyauta. Ban daidaita mai manhaja da ɗan bindiga ba, tazarar tana da yawa. Misalin dai ya isa ya nuna cewa motsin hannu ba hujjar yarda ba ne. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da cewa cinikin da aka yi bisa tilas ba ya hawa kan wanda aka tilasta.

A ganina yarda tana buƙatar abu biyu: mutum ya san abin da yake karɓa, kuma in ya ce a'a ya iya tafiya lafiya. Ɗan bindiga na biyun yake kashewa. Mai ɓoye sharuɗɗa na farkon yake kashewa, ga uwa mai neman kuɗin magani da tsakar dare.

Saboda haka ma'aunin da ya kamata mai gina manhaja ya riƙe shi ne: da an karanta wa mutumin nan sharuɗɗan da Hausa, a bainar jama'a, zai danna? In amsar a'a ce, sunan abin da ka samu biyayya, komai kyan launin maɓallin.