Mai Suka: Masoyi Ne Ko Maƙiyi?

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu masu girma, akwai wata tambaya da nake so mu tattauna a wannan fitowa ta mujallarmu. Shin wanda bai iya ƙira ba yana da hakkin ya yanke wa aikin maƙeri hukunci? In kuwa yana da shi, to, ina iyakarsa? Tambayar ta shafe mu ƙwarai, domin nazari da tarke ake koya mana, gobe kuwa mu ne za mu ɗora alƙalami a kan gumin wasu.

Don kada maganar ta zama shaci-faɗi, bari in kawo misalin wani Ba'amurke mai suna Roger Ebert. An haife shi a garin Urbana a 1942. A 1967 jaridar Chicago Sun-Times ta ba shi aikin sharhin finafinai, bai kuwa ajiye wannan aiki ba sai da rai ya yi halinsa a 2013, watau shekara 46 ke nan. A 1975 ya zama mai sharhin fim na farko da ya sami lambar girma ta Pulitzer. Shi da abokin aikinsa Gene Siskel sun shahara a talabijin da ɗaga babban yatsa sama in fim ya yi, su kifa shi ƙasa in bai yi ba. Duk da haka Ebert bai taɓa ba da umarnin fim ko ɗaya ba.

Masu ƙin suka sukan ce, mutum ya ci bashi, ya tara ɗaruruwan ma'aikata, ya yi shekara biyu yana fama, sa'an nan wani ya zauna a kujera awa biyu ya rushe masa gini da shafi guda. Wannan ai zalunci ne, in ji su. Ni dai a ganina hujjar ba ta tsaya ba. Ba sai ka iya girki ba kafin ka san gishiri ya zarce a miya. Wanda aka dafa dominsa yana da ta cewa, balle in da kuɗinsa ya saya. Mai suka wakilin 'yan kallo ne, kuma amanarsu ce a wuyansa. In ya yabi abin da bai cancanta ba don kunya ko don abota, to, ya ci amanar talakan da ya yanki tikiti saboda maganarsa.

To, amma a nan ne gizo ke saƙa. Hausawa sun ce so hana ganin laifi. In haka ne, yaya wanda ya mutu a kan son fim zai iya ganin aibinsa? Rayuwar Ebert ta nuna mini cewa so iri biyu ne. Akwai son da ke rufe ido, akwai kuma wanda ke buɗe shi, irin son da uwa ke yi wa ɗanta har ta riga kowa gane ba shi da lafiya. Irin wannan so ne ya sa tun a 1967 ya yabi fim ɗin farko na wani saurayi da ba a san shi ba, Martin Scorsese, wanda daga baya ya zama gagarau. Shi ne kuma ya sa a 1999 ya kafa bikin shekara-shekara a garin Champaign don nuna finafinan da ya ga an yi watsi da su alhali suna da daraja. Maƙiyi ba ya wannan wahala.

Sai dai ba zan wanke shi tas ba. Bakinsa yana da kaifi, har ya tattara sharhunan da ya ragargaji finafinai a cikinsu ya buga su littattafai, jama'a suka saya don su yi dariya. A nan nake ganin haɗari. Gaskiya ɗaci gare ta, amma ba dole ba ne a ƙara mata maɗaci. Ranar da mai suka ya fara jin daɗin faɗuwar wani domin ta ba shi abin ba'a, ran nan ya tashi daga alƙali ya koma maroƙin da ke zambo don a yi masa kari.

Da me za mu rarrabe su? Ga abin da ya faru a 2003. A bikin finafinai na Cannes a ƙasar Faransa, Ebert ya ce fim ɗin Vincent Gallo mai suna The Brown Bunny ya fi duk wanda aka taɓa nunawa a bikin muni. Gallo ya fusata ya yi masa baki, suka yi ta musayar baƙaƙen maganganu. Daga baya Gallo ya datse minti 26 daga fim ɗin. Da Ebert ya sake kallo a 2004, sai ya yaba, bai bar gabar da ke tsakaninsu ta hana shi ba. Ashe da aikin yake faɗa, ba da mai aikin ba. Wannan shi ne ma'aunin: mai gyara yana murna in an gyara, mai hassada kuwa haushi yake ji.

Ciwon daji ya kama shi a 2002, a 2006 aikin da aka yi masa ya raba shi da murya, ya raba shi da ci da sha ta baki. Amma bai daina kallo da rubutu ba. Wanda ya rasa wannan duka bai saki alƙalami ba, da wuya a ce neman suna kaɗai ya riƙe shi.

Saboda haka amsata ita ce, i, mai suka yana da hakki, amma bisa sharaɗi uku: ya san abin da yake magana a kai, ya so shi, ya kuma nufi aikin ba mutuncin mai shi ba. In an cika waɗannan, to, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ina fatan masu wani ra'ayi dabam za su mayar da martani a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace, amin.