Tsautsayi Ne, Ko Sakaci?

Wata safiya da kaka, mu biyar muka tashi daga Jos za mu biki wajen Akwanga cikin motar wani ɗan'uwa na ekklesiyarmu. Kafin a ta da mota, dattijon da ke tare da mu ya yi addu'a, ya roƙi Ubangiji ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya. Muka ce amin. Muna fita gari, dattijon, da shi ke gaba ya ke zaune, ya lura mai motar yana taka birki sau biyu sau uku kafin ya kama. Ya ce, "Ɗana, birkin nan lafiya kuwa?" Mai mota ya ce, "Baba, haka ya ke yi tun watan jiya. Ai mun yi addu'a, Allah zai kiyaye." Dattijo ya yi shiru, mu ma muka yi shiru.

Duk wanda ya san hanyar nan ya san Hawan Kibo, inda hanya ta ke gangarowa daga bisa duwatsu tana ta karkacewa. Mun yi kamar rabin gangarar sai muka ji ƙauri. Mai mota ya taka birki, ƙafarsa ta nutse har ƙasa, mota kuwa ba ta rage gudu ba. Allah ya ba shi natsuwa, ya sa ƙaramar giya, ya yi ta goga gefen motar a jikin gaɓar hanya har ta tsaya. Ba wanda ya rasa ransa, amma wata yarinya 'yar shekara tara da ke zaune baya ta karye a hannu. Masu zuwa gaisuwa duka magana guda su ke yi, "Sannunku, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Ni ma haka na riƙa faɗi. Amma maganar ta ƙi kwanta mini a zuciya, gama na ji abin da mai mota ya ce tun muna bakin gari.

To, 'yan'uwa masu karatu, ga tambayar da na ke so mu yi tunani a kanta. Sa'ad da mota ta yi ɓarna domin ba a kula da ita ba, ya kamata mu kira abin tsautsayi? Mai bi kuwa da ya tsaya yana duba taya da birki bayan ya yi addu'a, bangaskiyarsa ce ta kasa?

Lalle akwai tsautsayi na gaskiya. Mutum ya gyara motarsa sarai, yana tafiya a hankali, sai wata mota ta bar hannunta ta hau shi, ko saniya ta faɗo hanya da dare. Wannan ba abin da zai iya yi. Kada kowa ya ɗora masa laifi, balle ya ƙara wa mai baƙin ciki kaya. Amma Littafi Mai Tsarki bai zuba dukan hasara cikin ƙwarya ɗaya ba. A Littafin Fitowa sura 21 akwai shari'a a kan bijimin da ya soke mutum har ya mutu. In bijimin bai taɓa yin haka ba, a kan kashe shi, mai shi kuwa ba shi da laifi. Amma in an san shi da suka tun dā, an kuwa gargaɗi mai shi, bai tsare shi ba, to, alhakin ran nan yana wuyan mai shi. Bijimi ɗaya ne, mutuwa ɗaya ce, amma shari'a biyu ce. Abin da ya raba su shi ne sani. Abin da ba ka sani ba, ba ka kuwa da hanyar saninsa, shi ne tsautsayi. Abin da ka sani ka kau da kai, ko abin da za ka sani da ka sunkuya ka duba, sunansa sakaci.

Mota kuwa bijimi ce mai faɗin halinta tun da wuri, in da mai saurare. Bari mu ɗauki birkin nan namu. Man birki yana da wani hali, watau yana shan laima daga cikin iska kaɗan kaɗan. Sabon mai irin wanda a ke kira DOT 3 ba ya tafasa sai zafinsa ya kai digiri 205 ko fiye. Amma in ya sha ruwa, yana iya tafasa wajen digiri 140. A gangara mai tsawo, in direba ya ɗora ƙafa a birki bai ɗaga ba, ƙafafun motar su kan yi zafi ƙwarai, tsohon mai ya tafasa, ya zama tururi cikin bututu. Tururi kuwa matsuwa ya ke yi, ba ya tura komi. Shi ya sa ƙafa ta kan nutse har ƙasa. Domin haka masu ƙera mota da yawa su ke cewa a juye man birki wajen kowace shekara 2, a kuma sauka gangara da ƙaramar giya, inji ya riƙe mota. Da makaniki ya buɗe motar ɗan'uwan nan, ya tarar man ya yi baƙi, ba a taɓa juye shi ba tun da aka sayo ta, ga kuma wani bututu yana yoyo. Wata guda birkin yana faɗin ciwonsa.

Haka kuma taya. Inda kowace taya ta ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannu da yawa ba. Mota mai gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa guda, rayukan da ke ciki kuwa a kan tafin hannu huɗun nan su ke. Tayar da iskarta ta kasa ta kan yi ta lanƙwasa tana zafi har ta fashe. Wadda ta suɗe ba ta iya kore ruwa daga ƙarƙashinta, sai ta yi sulɓi da damina. A Ingila da ƙasashe da yawa doka ta hana tafiya da tayar da zurfin zanenta ya kasa milimita 1.6. Taya kuma tana tsufa ko ba a hau ta ba. A jikinta akwai lambobi huɗu masu faɗin lokacin da aka yi ta: 2319 watau mako na 23 na shekarar 2019. Mai sayen taya ta gwanjo, in ya iya karatu, ba shi da hujjar cewa bai san shekarunta ba.

Wani zai ce, "Ashe ba Allah ne mai kiyayewa ba? Wanda kwanansa ya ƙare, sabuwar taya za ta cece shi?" Gaskiya ne, rai a hannun Allah ya ke, ba kuwa makanikin da zai ƙara wa mutum kwana. Amma mu tuna da abin da ya faru sa'ad da Shaiɗan ya kai Yesu bisa ƙwanƙolin haikali, kamar yadda Matta ya ba da labari a sura 4. Ya ce masa ya diro ƙasa, tun da shi ke an yi alkawari mala'iku za su tare shi. Yesu ya ƙi, ya nuna wannan gwada Allah ne. Shiga gangara da birkin da ka san ba ya kamawa, kana cewa Allah zai kiyaye, ina bambancinsa da dirowa daga ƙwanƙolin nan? Bambanci ɗaya ne, ka ɗauki 'ya'yan mutane kun diro tare.

Dubi Bulus kuma a Ayyukan Manzanni sura 27. Allah ya riga ya tabbatar masa ba ran da zai salwanta cikin mutum 276 da ke jirgin. Duk da haka, da ya ga matuƙan jirgi suna shirin gudu cikin ƙaramin kwalekwale, ya gaya wa jarumin soja in mutanen nan ba su zauna cikin jirgi ba, ba za a tsira ba. Bulus bai ga saɓani tsakanin alkawarin Allah da aikin matuƙa ba, gama ta hannunsu ne Allah ya nufa ya cika alkawarinsa. Nehemiya ma, sa'ad da maƙiya suka kewaye masu ginin garun Urushalima, addu'a ya yi, ya kuma sa matsara dare da rana. Allah da ya ba mu addu'a, shi ya ba mu ido da kunne da hankali. Wanda ya raina ɗaya daga cikin kyautan nan, ya raina mai bayarwa.

Ba kuma domin ranmu kaɗai mu ke duba mota ba. A Kubawar Shari'a sura 22 an umurci mai gina sabon gida ya yi wa bisan soronsa rawani kewaye, domin kada wani ya faɗo, alhakin jini ya hau gidan. Mai gida ya san bakin soronsa, ba shi zai faɗo ba. Domin baƙo aka yi rawanin, da yaro ƙarami, da wanda ya hau da duhu. Birki da fitila da madubi su ne rawanin soron mai mota. Yarinyar da ke tallar gyaɗa a bakin hanya ba ta san ka ba, ba ta kuwa da ikon buɗe motarka ta duba. Ta dogara ne kawai ga cewa ka duba. Mu kan yi wa'azi a kan ƙaunar maƙwabci ran Lahadi. Ran Litinin da safe ƙaunar nan tana iya zama awon iskar taya.

Akwai wata magana mai nauyi da ba zan tsallake ta ba, watau rashi. Mutum yana da kuɗin makarantar yara a gabansa, ga hatsi ya yi tsada, ga taya tana neman canji. Ba mugunta ta sa ya ce bari sai wata mai zuwa ba. Na san wannan, ban kuwa raina shi ba. Amma yawancin dubawar da ke ceton rai ba ta cin ko kwabo. Kafin ka ta da mota, kewaya ta, ka dubi tayoyi ko akwai kumburi ko tsagewa, ka leƙa ƙasa ko wani abu ya ɗiga da dare. Zaro tsinken awon baƙin mai, ka ga ko man yana tsakanin alamun nan biyu. Dubi man birki da ruwan lagireto tun inji yana da sanyi, gama buɗe murfin lagireto da zafi ya ƙone mutane da yawa. Sa yaro ya tsaya baya ya gaya maka ko fitilun birki da na sigina suna kamawa. Auna iskar taya tun ba a yi tafiya ba, har da ta ajiya, bisa adadin da aka rubuta a bakin ƙofar direba ko cikin littafin motar. Wannan duka bai fi minti 10 ba.

Abin da ke cin kuɗi kuwa, kamar juyen baƙin mai da matatarsa, da takalmin birki, da bel na inji, yana da lokacinsa a rubuce cikin littafin nan. Ƙurar hunturu ta kan sa matatar iska ta toshe da wuri. Ajiye ɗan littafi cikin mota, ka riƙa rubuta ranar kowane gyara da adadin kilomita, ka riƙa tanadi kaɗan kaɗan kamar yadda manomi ya ke ware iri tun ran girbi. In kuwa lokaci ya yi, kuɗi bai samu ba, akwai hanya guda da ta rage, ita ce a ajiye motar. Talauci yana iya hana ka gyara birki, amma bai tilasta ka ɗauki mutane ka shiga gangara ba.

Hukumomi sun daɗe da gane wannan. A shekarar 1960 Ingila ta fara gwajin birki da fitila da sitiyari ga motocin da suka kai shekara 10, a 1967 kuma ta mai da shi shekara 3. A Nijeriya an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 su ke mutuwa a kan hanya kowace shekara. Ba lalacewar mota ce ta kashe su duka ba, gudu da maye da gajiya da munin hanya suna da babban rabo. Amma rabon da ke hannun mai mota tun yana ƙofar gidansa shi ne mafi sauƙin kawarwa. Ma'aikaci ya kan duba mota jefi jefi, lamiri kuwa kullum yana tare da mai ita. Wanda ya sayi takardar lafiyar mota ba tare da an duba ta ba ya yi shaidar zur, takarda kuwa ba ta tsai da mota a gangara.

Bari in ƙarasa muku labarin. Bayan mako biyu mai motar ya tafi gidan uban yarinyar tare da dattijon nan. Ya durƙusa ya ce, "Baba, mutane suna cewa tsautsayi ne, amma ni na san ba haka ba ne. Na san birkin ba shi da lafiya. Ka gafarta mini." Kafin uban ya amsa, dattijon ya ce, "Ni ma a gafarta mini. Na gani da idona, na tambaya, sa'an nan kunya ta sa na yi shiru." Uban yarinyar ya gafarta musu. Ni kuwa da na ji labari, na san akwai mutum na uku da ya kamata ya durƙusa a wurin, gama ni ma na ji, na yi shiru.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu bar addu'a kafin tafiya, gama ba mu da wani matsari sai Ubangiji. Amma mai mota ya kewaya motarsa tukuna, ya zo wurin addu'a da zuciyar da ba ta ɓoye komi ba. Fasinja kuma in ya ga abin da ba daidai ba ya faɗa da ladabi, in an ƙi ji ya sauka. Allah ya ba mu aminci cikin ƙananan abubuwa, ya kai matafiya gida lafiya. Amin.