Gani Ya Kori Ji? Tsokaci a Kan Haƙƙin Ɗan Wasa a Wuyan Mai Kallo

Gabatarwa

Daga cikin karin maganar da Bahaushe ya riƙe hannu bibbiyu, har ba ya tsayawa ya tuhume ta, akwai wadda ke cewa gani ya kori ji. Ma'anarta a fili take, wato duk labarin da kunne ya kawo, da zarar ido ya iso sai ya tattara nasa ya nasa ya ba da wuri. Manufar wannan muƙala ita ce ta auna wannan magana a kan mas'ala guda. Mu ƙaddara ga mutum ya shekara da shekaru yana ƙaunar wani wasan kwaikwayo mai waƙa, ya saurare shi a kaset ko a wayar hannu har ya haddace shi, sa'an nan wata rana Allah ya nufe shi da zama gaban dandamali, ya ga 'yan wasan ido da ido karo na farko. Tambayoyi biyu ne ke gabanmu a kansa. Ta farko, da me ya ƙaru wanda bai da shi a da? Ta biyu, wadda ta fi nauyi, mene ne waɗanda ke kan dandamalin suke bin sa?

Wasan da Ake Magana a Kai

Abin nufi da wasan kwaikwayo mai waƙa shi ne wasan da labarinsa ke tafiya a kan waƙa da kiɗa da rawa, ta yadda in aka zare waƙar sai labarin ya gurgunce. Kada mai karatu ya ɗauka baƙon abu ne a wurinmu. Tashen da yara da samari ke fara yi daga goma ga watan azumi irin wannan wasa ne tsantsa: a Jatau Mai Magani da Macukule da Tsoho da Gemu da Mairama da Daudu akwai shiga, akwai kwaikwayo, akwai mai bayarwa da masu amshi, kuma waƙa ce ke jan ragamar komai. Haka nan Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, yakan mai da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya dandamali, ya sa mutane su yi muhawara a cikin waƙa, shi kaɗai yana ara wa kowannensu baki. A fagen zamani kuwa, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan dandamali, aka buga shi a 1975.

A kudancin ƙasar nan Hubert Ogunde ya fara yawo da ƙungiyarsa gari-gari tun a tsakiyar shekarun 1940, kuma wasansa Yoruba Ronu na 1964 ya girgiza gwamnatin Jihar Yamma har ta haramta wa ƙungiyar yin wasa. A baya-bayan nan Bolanle Austen-Peters ta fito da Saro a 2013 da Wakaa a 2015 a Legas. Sai kuma Fela!, wasan da aka gina a kan rayuwar Fela Anikulapo-Kuti da waƙoƙinsa, wanda ya hau manyan dandamalan birnin Niyok na Amurka a 2009, aka kuma kawo shi Legas a watan Afrilu na 2011. Wannan misali na ƙarshe ya fi kowanne fito da mas'alarmu fili, domin Fela ya rasu a 1997, kuma wanda ya fito a matsayinsa, Sahr Ngaujah, haifaffen Amurka ne. Ke nan ya tsaya yana kwaikwayon mutum a garin da ya san muryar mutumin kamar yunwar cikinsa.

Ƙaunar da Kunne Ya Haifa

Ƙaunar da ake yi wa wasa daga nesa tana da wata ɗabi'a da ba kasafai ake lura da ita ba, wato ɗabi'ar mallaka. Mai kaset shi ne sarki a kan kaset ɗinsa. In ya so ya tsayar, in ya so ya mayar baya, in wani wuri ya gundure shi ya tsallake. Muryar ba ta dishewa, makaɗi ba ya kuskure, baitin da ya zo jiya shi zai zo gobe, a daidai inda ya zo. Bugu da ƙari, duk abin da kunne bai kawo ba zuciya takan cike shi da kanta: ta zana wa mawaƙi fuska, ta ɗinka masa riga, ta gina masa fage. A hankali sai wasan ya tashi daga hannun masu shi ya koma cikin ƙirjin mai saurare, ya cuɗanya da ƙuruciyarsa da ɗakin da ya fara jin sa da mutanen da suka saurara tare, waɗanda wataƙila wasunsu sun riga mu gidan gaskiya.

Saboda haka ranar da irin wannan mutum ya shiga zauren wasa, ba shi kaɗai ya shiga ba. Yana ɗauke da wani wasa cikakke a cikin kansa, kuma da shi zai auna wanda ke gabansa. In jarumar ta fi wadda ya zana gajarta, sai ya ji an rage masa wani abu. In an sassauta kiɗa a inda ya saba jin an zaburar da shi, sai ya ce an ɓata. A nan, maimakon gani ya kori ji, ji ne ya hau kujerar alƙali, gani kuwa ya zama wanda ake tuhuma.

Ra'ayoyi Biyu

Akwai masu ganin cewa zuwa kallon ma bai zama dole ba, kuma suna da babban madogara. Aristotal, masanin falsafar nan na Girka, ya kasa wasan ban-tausayi kashi shida, ya sanya tsarin labari a sama, ya ajiye abin da ido ke gani a ƙasa, yana mai ganin cewa wasa nagari yakan yi aikinsa a zuciya ko da karanta shi kawai aka yi. In aka bi wannan, mai kaset bai yi asarar komai ba sai ado. Hasali ma yana iya cewa ya fi mai kallo morewa, tun da shi babu ƙaton rawani a gabansa, babu lasifika mai ƙara, babu mai tari a bayansa.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai Walter Benjamin, masanin Jamus, wanda a wata muƙala da ta fito a 1936 ya yi nazarin abin da ke samun aikin fasaha in na'ura ta sami ikon maimaita shi ba iyaka. A ganinsa kwafi yakan ɗauko komai, sai abu ɗaya: kasancewar aikin a wuri guda da lokaci guda, da kwarjinin da ke tattare da wannan kasancewa. Ra'ayin ya fi kusa da abin da muke nema, amma bai isa ba, domin ya fi mai da hankali a kan abin da ake kallo. A fagen wasa kuwa ba abu ake kallo ba, mutum ne, kuma inda mutum ya shigo, maganar haƙƙi ta shigo.

Abin da Gani Ke Kawowa

In muka duba da kyau, za mu tarar gani ba ya ƙara wa masoyin wasa sani mai yawa. Labarin ya san shi, waƙar ya haddace ta. Abin da yake samu iri dabam ne. Da farko yana ganin kasada. Yarinyar da ta ja numfashi za ta ɗaga murya tana iya kaiwa, tana iya kasawa, kuma babu mai mayar da ita baya a sake. Bugun zuciyar da mai kallo ke ji a wannan daƙiƙa, kaset ba ya sayar da shi, domin shi kaset labarin yaƙin da aka riga aka ci ne. A nan mai kallo ke gane cewa abin da ya ɗauka kyauta ce ta sauko daga sama ashe gumi ne, da makonni na gwaji, da maƙogwaro mai gajiya.

Na biyu, yana gane cewa shi ma yana cikin wasan. Wannan kuwa makaɗan Hausa sun riga kowa saninsa. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shahara da ƙirƙirar waƙa nan take, yana duban fage yana saƙa abin da ya gani a cikinta, 'yan amshi da makaɗan kalangu suna biye da shi. Guɗar da mace ta rangaɗa, da liƙin da aka yi, da shigowar wani babban baƙo, duk suna iya juya akalar waƙa. Abin da ya iso mana a kaset rabin zance ne, ɗaya rabin ya watse tare da taron. Haka abin yake a kowane dandamali: 'yan kallo masu sanyin jiki sukan kashe wasa mai kyau, masu rai kuma sukan tashi wanda ya fara gyangyaɗi.

Na uku, yana ganin ƙarewa. Wasan daren yau ba zai sake dawowa ba, ko da gobe mutanen nan ne za su hau dandamalin nan da kayan nan. Abin da ba ya maimaituwa kuwa ba a mallakarsa, sai dai a shaide shi. Ke nan mai kallo ya tashi daga matsayin mai kaya ya koma matsayin shaida.

Haƙƙin da Ke Wuyan Mai Kallo

Daga nan amsar tambaya ta biyu ta fito. Haƙƙi na farko shi ne adalci. Zalunci ne a auna mai rai da ma'aunin na'ura, a nemi mai numfashi ya yi abin da faifan da aka tace a ɗakin ɗaukar murya ya yi. Zalunci ne kuma a nemi ɗan wasa ya zama hoton da zuciyar wani ta zana ba da saninsa ba. Wannan ba ya nufin a daina suka, domin wasan da aka yi da ganganci ya cancanci a faɗa. Sai dai a soki abin da aka yi a gabanka, ba rashin kamarsa da abin da ka zo da shi daga gida ba. Wanda ya je kallon Fela! yana neman Fela ya tashi daga kabari, shi ya cuci kansa, ba ɗan wasa ba.

Haƙƙi na biyu shi ne halarta ta gaskiya. A yau da zarar an fara waƙar da aka fi so sai ka ga wayoyi sun tashi sama kamar karan dawa. Mutum ya biya kuɗi, ya yi tafiya, ya jira shekaru, amma a daidai lokacin da abin ya zo sai ya sa gilashi tsakaninsa da shi, yana ƙoƙarin mai da gani ya koma kaset tun bai gama faruwa ba. Wannan ɗabi'ar mallaka ce ta biyo shi har cikin zaure. Wanda ya tsaya a gabanka yana ba ka ƙarfinsa da muryarsa, mafi ƙarancin tukuicinsa shi ne ka ba shi idonka.

Haƙƙi na uku shi ne sakayya. Ko yaran tashe ba a sallamarsu hannu rabbana, akan ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Wanda ya shekara goma yana morar waƙar da aka tura masa a waya kyauta, ranar da ya ga masu ita ya kamata ya tuna cewa suna da iyali, kada ya zama mai neman a shigar da shi ta bayan gida.

Maiduguri da Darajar Taro

Wataƙila wani ya ce duk wannan zancen masu ƙoshi ne. Amma mu mazauna Maiduguri mun san abin da ake nufi da rasa taro. Tun daga rikicin watan Yuli na 2009, da dokar ta-ɓaci da aka kafa a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayu na 2013, wannan gari ya ga lokacin da dokar hana fita ta cinye dare, kasuwa da tasha da masallaci suka zama wuraren ɗar-ɗar, kowa yana duban na kusa da shi da wutsiyar ido. A wancan lokaci waƙa ba ta mutu ba, tana nan cikin wayoyi da rediyo. Abin da ya yi ƙaranci shi ne zama kafaɗa da kafaɗa da wanda ba ka sani ba, ku yi dariya lokaci guda, ku yi tsit lokaci guda.

Wannan zama kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin ba ya yiwuwa sai da amana. Duk wanda ya yarda a rage fitila alhali yana tsakiyar baƙin fuskoki, ya ba su amanar ransa, su ma sun ba shi tasu. Da yawa daga ɗaliban da muke koya wa wasan kwaikwayo a yau sun yi ƙuruciyarsu ne a waɗancan shekaru. Sun san fim ciki da bai, suna iya rera waƙoƙinsa ba gargada, amma in aka tambayi wanda ya taɓa zama gaban dandamali daga farkon wasa zuwa ƙarshensa, hannuwan da kan tashi ba su da yawa. Koyar da irin wannan ɗalibi wasa daga littafi kaɗai tamkar koyar da iyo ne a kan tabarma. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, ta ci gaba da karatu a cikin waɗancan shekaru masu tsanani, kuma wannan abin alfahari ne. Cikon alfaharin shi ne zaurukanmu su riƙa cika da wasa da waƙa, a kuma bar ƙofa a buɗe ga mutanen gari.

Kammalawa

A taƙaice, wannan muƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa a fagen wasa mai waƙa gani ba ya korar ji, kuma bai kamata ji ya danne gani ba. Ji shi ke haifar da ƙauna, ya rene ta, ya kai mutum har bakin zaure. Gani kuwa shi ke tuna masa cewa abin da yake ƙauna yana da masu shi, mutane ne irinsa masu gajiya da kuskure, kuma suna bin sa adalci da halarta da sakayya. Karin maganar ta yi gaskiya a kasuwa da gaban alƙali, inda ake neman tabbacin abin da ya faru. A gaban dandamali kuwa, wanda ya zo da kunnen da ya ƙoshi, ya kuma yarda ya bar idonsa ya koyi sabon abu, shi ne zai koma gida da riba biyu.